Da Rommel Ya Tsaya a Tubruk: Nazarin Muhawarar Malta da Masar ta 1942

Ranar 21 ga Yuni, 1942, garin Tubruk da ke gaɓar tekun Libiya ya faɗa hannun Janar Erwin Rommel, kwamandan sojojin Jamus a Arewacin Afirka. Sojojin ɓangaren Birtaniya kimanin 33,000 suka miƙa wuya, Jamusawa kuma suka tarar da ganima mai yawa: motoci wajen 2,000, ga tarin mai, ga abinci. Nan take Hitler ya ɗaga Rommel zuwa muƙamin fil mashal. A cikin 'yan kwanakin da suka biyo baya ne aka yanke shawarar da masana tarihin soja da masu sha'awar labarin yaƙin Hitila suke ta ja-in-ja a kanta har yau.

Tun ƙarshen Afrilu na shekarar, Hitler da Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya, sun zauna sun tsara yadda za a yi. Rommel zai kai hari ya ƙwace Tubruk, ya ja birki a kan iyakar Masar. Daga nan jiragen sama su koma Sisili, a mamaye tsibirin Malta da sojojin laima da na ruwa, shirin da Jamusawa suka raɗa wa suna Herkules. Sai an gama da Malta za a waiwayi Masar. To da Tubruk ta faɗi cikin kwana biyu kacal, Rommel ya ga abokan gaba sun watse suna gudu gabas, ya ce tsayawa yanzu wauta ce. Ya tsallake manyansa na Italiya ya kai kukansa wajen Hitler, Hitler kuma ya rubuta wa Mussolini cewa irin wannan sa'a ba ta zuwa sau biyu. Aka jingine Malta, aka nausa Masar. Mussolini da kansa ya sauka Libiya ranar 29 ga Yuni yana jiran ranar shiga Alƙahira. Ya yi makonni uku yana jira, ya koma gida hannu rabbana, domin an riga an tare Rommel a Al-Alamain, kimanin kilomita 100 yamma da Iskandariya.

Abin da ake gardama a kai ke nan: da a ce an bi tsarin farko an kama Malta, ko da a ce an ƙara wa Rommel sojoji, shin Jamus da Italiya za su ci Masar, su kama mashigin Suwez, su isa rijiyoyin man Iraƙi da Iran?

Kafin a auna, sai an yarda da mudu. Zancen “da a ce” yana da amfani idan aka canza abu ɗaya, wanda mutanen lokacin suna da ikon yi da abin da ke hannunsu, kuma aka bar abokin gaba shi ma ya motsa. Wanda ya ba Rommel jiragen ruwan da Italiya ba ta ƙera ba, ya kuma sa Churchill, Firaministan Birtaniya, ya naɗe hannu yana kallo, tatsuniya yake yi.

Hujjar masu cewa Malta

Wannan ce hujjar da ta fi farin jini, kuma ba ta banza ba ce. Babban mai riƙe da ita a lokacin shi ne Fil Mashal Albert Kesselring, kwamandan Jamus a yankin Bahar Rum. Malta tana ƙasa da kilomita 100 kudu da Sisili, a tsakiyar hanyar da jiragen dakon kaya ke bi daga Italiya zuwa Libiya. Daga can jiragen saman Birtaniya da jiragenta na ƙarƙashin teku suke fitowa farauta, kuma sau da yawa sun san inda ayarin zai bi, don masu fasa lambobin sirri a Ingila suna karanta saƙonnin abokan gaba. Daren 8 zuwa 9 ga Nuwamba, 1941, 'yan jiragen ruwan yaƙin Birtaniya da suka taso daga Malta sun far wa wani ayari, suka nutsar da jiragen kayansa bakwai baki ɗaya. A wannan watan fiye da rabin kayan da aka tura Libiya a ƙarƙashin teku suka kwana. Sai da Hitler ya janyo rundunar jiragen sama guda daga fagen Rasha ta zo ta riƙa yi wa tsibirin luguden bama-bamai, sannan hanya ta buɗe. A Afrilu 1942, watan da ruwan wuta ya fi tsanani har Sarkin Ingila ya ba tsibirin lambar jarumta ta George Cross, kusan duk abin da aka ɗauko daga Italiya ya isa lafiya. Da wannan guzurin Rommel ya ci yaƙin Gazala, wanda ya buɗe masa hanyar Tubruk. Masu wannan ra'ayi suna cewa ai ga shi nan ƙarara: idan Malta ta kwanta Rommel ya tashi, idan ta farfaɗo ya durƙushe.

Shin za a iya kama ta? A ganina za a iya, amma da jini mai yawa. Mutanen tsibirin suna cikin yunwa. A watan Yuni ayari biyu aka turo musu, ɗaya ya juya baya, ɗayan kuma jirage biyu kaɗai cikin shida suka isa. Sai dai ƙasar ba ta saukar laima ba ce, gonaki ne ƙanana da katangun duwatsu suka raba, kudancinta kuma hayi ne mai tsayi. Tun watan Mayu an kawo musu sababbin jiragen Spitfire da dama. Hitler kuwa bai manta da tsibirin Kirit na Girka ba, inda a Mayu 1941 ya ci tsibirin amma matattu da ɓatattun sojojinsa suka kusa 4,000, ga asarar jiragen jigila. Yana kuma zargin cewa rundunar ruwan Italiya, wadda ko mai ba ta da isasshe, za ta koma gida da ta hango Ingilishi, ta bar masa 'yan laimarsa a tsibiri. Duk da haka mu ɗauka an yi, Malta ta faɗi a Yuli ko Agusta. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Tashar jirgi da titi ɗaya

A tsawon yaƙin Libiya, fiye da huɗu cikin biyar na kayan da aka loda a Italiya sun isa Afirka. Wahalar tana farawa ne bayan jirgi ya iso. Tashar Turabulus, wadda ta fi kowace girma a Libiya, manyan jiragen kaya biyar take ɗauka a lokaci guda, kuma abin da take iya saukewa a wata kimanin tan 45,000 ne. Bingazi ƙarama ce, ga bama-bamai ba sa barinta ta huta. Tubruk da aka sha wuya a kanta ba ta wuce kimanin tan 20,000 a wata. Alhali runduna guda mai tafiya da motoci tana cin kusan tan 350 kullum idan aka haɗa da ruwa, kuma sojojin Jamus da Italiya a dunƙule suna neman tan 70,000 a wata tun a 1941, kafin ma su ƙaru. Masanin tarihi Martin van Creveld ne ya tattara wannan lissafi ya fito da shi fili a 1977, kuma tun daga lokacin duk mai kare ra'ayin Malta sai ya amsa masa tukuna.

Yanzu a dubi abin da ke faruwa da gangar mai ɗaya da aka sauke a Turabulus. Babu layin dogo da ya haɗa Turabulus da gabashin Libiya. Titi ɗaya ne, wanda Italiyawa suka shimfiɗa suka buɗe a 1937, siriri, teku a hagu, hamada a dama. Daga Turabulus zuwa Al-Alamain ya haura kilomita 2,000, kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Legas ya dawo, sannan motar ta juyo fanko ta sake cin wannan nisan. Direba yana tafe yashi na shiga injin, tayoyi na fashewa da zafi, jiragen saman abokan gaba na bin titin suna neman ayari, ruwan da zai sha da wanda zai zuba wa motar duk a bayansa yake ɗauke da su. Kusan ɗaya cikin uku na motocin kullum suna wajen gyara, kuma bayan Tubruk akasarinsu na ganima ne, ƙirar Ingila da Amurka da Kanada, waɗanda ba su da kayan gyaransu. An ƙiyasta cewa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na man da aka sauke, motocin da ke ɗaukarsa ne suke shanye shi a hanya. Shi ya sa za ka ga kaya jibge a bakin tasha, tankoki kuma a fagen fama suna tsaye babu mai.

Kama Malta ba ya ƙara wa Turabulus wurin ɗaure jirgi ko ɗaya, ba ya rage wa titin nan ko taku. A Yuli 1942, watan da aka tsayar da Rommel, abin da aka nutsar a teku kaɗan ne. Da asara ta yi tsanani daga Agusta, wani kaso mai yawa na ɓarnar jiragen saman da ke tasowa daga Masar ne suka yi ta, domin an koma tura jiragen dakon mai zuwa Bingazi da Tubruk don a rage tafiyar mota, su kuwa waɗannan tashoshin suna cikin inda Ingilishi ke iya kaiwa ko babu Malta.

Wannan ba sabon ilmi ba ne da aka gano bayan yaƙi. A Oktoba 1940, tun Rommel bai taka Afirka ba, an aika Janar Wilhelm von Thoma ya duba Libiya. Ya dawo ya ce cin Masar yana buƙatar rundunonin tankoki huɗu, kuma huɗun nan su ne iyakar abin da za a iya ciyarwa, shi ma sai an kwashe sojojin Italiya don a rage bakunan ci. Mussolini ba zai taɓa yarda a kwashe sojojinsa daga ƙasar da yake mulka ba. Wannan rahoton kaɗai ya isa amsa ga masu cewa da Hitler ya yago rundunoni goma daga cikin kusan 150 da ya tura Rasha a Yuni 1941 ya ba Rommel, da an gama. Sojojin akwai su. Hanyar ciyar da su ce babu.

Haka zancen yake ga babban tsarin da shugaban rundunar ruwan Jamus, Erich Raeder, ya kai wa Hitler a Satumba 1940, cewa a rufe Bahar Rum daga Jibraltar zuwa Suwez kafin a taɓa Rasha. Jibraltar sai da yardar Franco na Sifaniya, shi kuwa da suka haɗu da Hitler a Hendaye ranar 23 ga Oktoba ya nemi alkama da makamai da yankunan Faransa a Afirka, abin da ba za a ba shi ba sai an ɓata da gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus. Bayan haka, Hitler da zai bar Rasha ya zuba ƙarfinsa a Afirka wani mutum ne dabam. Ƙasar gabashin Turai ita ce abin da ya shiga yaƙin dominsa.

Ɗaya ɓangaren bai yi barci ba

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan muhawara shi ne yadda ake zana taswirar kamar Bahar Rum ce kaɗai hanyar Masar. Tun da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940, akasarin kayan Birtaniya zagayawa suke yi ta ƙarshen kudancin Afirka, su hauro Bahar Maliya zuwa Suwez. Tafiya ce ta makonni, amma Malta ba ta da ruwa da ita. A nan ne kuma labarin ya shafe mu kai tsaye. A farkon 1941 aka karya daular Italiya a Gabashin Afirka, kuma birgediyar sojojin Nijeriya ta 23 tana kan gaba: ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, ta nausa arewa ta isa Harar a Habasha cikin Maris. Da tashar Massawa ta faɗi a Afrilu, Shugaba Roosevelt na Amurka ya cire Bahar Maliya daga jerin wuraren da aka hana jiragen Amurka shiga, kaya suka fara kwarara Suwez.

Jiragen sama kuwa ta kanmu suka bi. Daga Satumba 1940 ake kawo su a akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi rukuni-rukuni, jirgin Blenheim guda yana yi wa 'yan Hurricane jagora. Su sauka Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Cadi zuwa Al-Junaina da Al-Fashir da Khartum, sannan su bi Nilu zuwa Masar. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Ta yiwu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta, 1940, alhali Nijar tana hannun Vichy har ƙarshen 1942. Jamusawa sun san da ita, har a Janairu 1942 sun turo jirgi guda ya ratso Sahara ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy, wato Njamena, amma iyakar abin da suka iya ke nan. Mai son yin “da a ce” mai ma'ana, da ya tambayi abin da zai faru da Éboué ya tsaya tare da Vichy. Wannan shawarar mutum ɗaya ce, kuma yana da ikon yanke ta ta kowace fuska.

Sannan ranar da Tubruk ta faɗi Churchill yana Washington tare da Roosevelt, kuma a wannan ziyarar aka yi masa alkawarin tankokin Sherman 300. Ko Rommel ya tsaya ko ya wuce, suna tafe. Duk makon da zai ɓata yana jiran Malta, Runduna ta Takwas ta Birtaniya tana farfaɗowa a wurin da take da layin dogo da bututun ruwa da wuraren gyara a bayanta. Zuwa 23 ga Oktoba, ranar da sabon kwamandanta, Montgomery, ya buɗe wuta a Al-Alamain, yana da tankoki fiye da 1,000, Rommel kuma kimanin 500, fiye da rabinsu na Italiya ne marasa ƙarfi.

Inda ta leƙo

Adalci ne a faɗi inda masu goyon bayan Rommel suke da gaskiya. Idan akwai lokacin da Masar za ta iya suɓucewa, to kwanakin farko na Yuli ne, kuma ci da zucin nasa ne ya kai shi can. Ranar 1 ga Yuli ma'aikatan Birtaniya a Alƙahira suna ta ƙona takardun sirri har toka na zuba a tituna. Jiragen ruwan yaƙinsu sun bar Iskandariya. A Landan ana muhawarar tsige amincewa da gwamnati, wadda Churchill ya tsallake washegari da ƙuri'a 475 da 25. Masarawa da dama sun gaji da Ingilishi, musamman bayan da aka kewaye fadar Sarki Faruk da tankoki a Fabrairu aka tilasta masa naɗa gwamnatin da suke so.

Amma da me Rommel ya iso? Tankokin Jamus kimanin 55, da sojojin da suka yi makonni biyar suna yaƙi ba hutu. Fagen kuma ba irin wanda ya saba ba ne: tsakanin teku da kwarin Ƙattara kimanin kilomita 60 ne, babu ta inda zai zagayo ta baya. A Dair al-Shain wata birgediyar Indiyawa da ba ta daɗe da isowa ba ta riƙe shi yini guda, kafin a murƙushe ta ya rasa tankoki 18. A daidai lokacin ya rasa idanunsa biyu na leƙen asiri. Saƙonnin jami'in sojan Amurka a Alƙahira, Bonner Fellers, waɗanda ake karanta wa Rommel a ɓoye, sun yanke a ƙarshen Yuni, sannan ranar 10 ga Yuli 'yan Ostireliya suka tarwatsa rukuninsa na masu sauraron rediyon abokan gaba a Tal al-Isa.

Mu ce ya fasa layin duk da haka. Janar Auchinleck, kwamandan Birtaniya na lokacin, ya riga ya ƙudura cewa ba zai bari a ritsa rundunarsa ba, zai ja da baya yana yaƙi, kuma akwai shirin rusa tashar Iskandariya da sakin ruwa a yankin bakin Nilu. Rommel zai shiga ƙasa mai rassan kogi da magudanai da 'yan tankokin da suka rage masa. Ko da ya kai Suwez, ya toshe hanyar da dama can ayarin Birtaniya ba ta cikinta suke ratsawa ba. Man da Ingila kanta ke sha, akasarinsa daga nahiyar Amurka yake zuwa. Rijiyoyin Kirkuk a Iraƙi da matatar Abadan a Iran kuma suna gaba da fiye da kilomita 1,000, bayan Sina'i da Falasɗinu da wata hamadar. Mun ma san abin da ke faruwa idan an isa rijiya: a Agusta na wannan shekarar Jamusawa sun kama Maikop a Kaukasus, suka tarar Rashawa sun lalata komai, man da suka samu bai taka kara ya karya ba. Faɗuwar Alƙahira za ta girgiza kujerar Churchill, wataƙila ta tsawaita yaƙin. Ban ga ta inda za ta fitar da Birtaniya daga yaƙin da Amurka da Rasha suka riga suka shiga ba.

Akwai kuma abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba, saboda yadda wasu ke ba da labarin Rommel kamar mai zuwa 'yantar da Larabawa. Mulkin Masar Mussolini aka tanadar wa, mutumin da gwamnatinsa ta tsare mutanen gabashin Libiya a sansanoni, dubbai suka mutu, ta kuma rataye Umar al-Mukhtar a 1931. A Yuli 1942 an riga an keɓe wata tawagar SS, dakarun kisa na 'yan Nazi, ƙarƙashin Walter Rauff da za ta biyo bayan sojojin. Mai jin takaicin cewa haƙar Rommel ba ta cim ma ruwa ba, ya san abin da yake takaici a kai.

Iyakar abin da nake gani tsarin Malta zai haifar shi ne Rommel ya zauna a kan iyakar Masar, wajen Sallum da mashigin Halfaya, da gajeriyar hanyar guzuri da teku mai ɗan sauƙi, ya daɗe yana kare Libiya. Sojojin laimar Italiya na Folgore da aka horar don Malta ba za su ƙare a ramukan Al-Alamain ba. Amma ranar 8 ga Nuwamba Amurkawa da Ingilishi suka sauka Maroko da Aljeriya a bayansa, kuma riƙe Malta ba zai hana wannan ba.

Batun ƙarin sojoji kuwa, an gwada shi a zahiri. Bayan wannan saukar, Hitler ya kwarara wa Tunisiya mutane da makaman da ya yi ta hana Rommel, har da sababbin tankokin Tiger. A can tashoshin Tunis da Bizerte sun fi na Libiya kyau, tekun gajere ne daga Sisili, fagen fama kuma kusa da tasha. Duk da haka guzuri bai taɓa isa ba, domin jiragen ruwan Italiya sun ƙare, sararin sama kuma ya koma hannun abokan gaba. Ranar 13 ga Mayu, 1943, sojojin Jamus da Italiya kusan 250,000 suka ajiye makamai a Tunisiya.